Shingen wuta na sola da na sa wa lambuna a Yauri: abin da ya hana da abin da ya gagare shi

Wata goma sha huɗu ke nan da na kewaye lambun bayan gidana da wayar nan mai jan dabba, wadda ake haɗawa da wani ɗan inji mai aiki da sola, kuma tun ranar da na sa ta ban huta da tambaya ba, a ƙofar masallaci a tambaye ni, a kasuwa a tambaye ni, har wani bawan Allah ya taso tun daga Shanga bisa babur don kawai ya gani da idonshi. To na ga gara in zauna in rubuta komi sau ɗaya, mai daɗi da maras daɗi, tunda yanzu abin ya ga rani ya ga damina ya ga hunturu a hannuna, ba labarin kwana biyu ba ne irin na wanda ya sayi kaya jiya yau yana yabo.

Gidanmu yana can gefen Yelwa, kusan mu ne na ƙarshe, bayanmu sai gonaki da wani kwazazzabo mai duhuwa da ya gangara wajen kogi. Lambun ba wani babba ba ne, mita 30 ne a tsawo 20 a faɗi, akwai rijiya a ciki, muna sa tumatir da tattasai da attaruhu da alayyafo da latas da ɗan karas, gefe guda dankali da rogo, ga gwanda huɗu da gwaiba biyu. Ba don kasuwa na yi shi ba, na miyar gida ne, amma uwargida tana sayar da rarar ganye ga maƙwabta kuma da kuɗin take yin ƴan hidimominta, shi ya sa duk ɓarnar da aka yi ita ta fi jin zafinta. Akwai wata safiya da ba na mantawa, ta dawo daga bayan gida da kwando fanko ta ce min Malam zo ka gani, na je na tarar da fangali shida na latas an aske su tas kamar da aska, ga sawun kofato ƙanana masu tsini a cikin laka. Sati uku tana ban ruwa da guga safe da yamma. Wallahi ranar ko karin kumallo ban iya ci ba.

Kafin wanga inji babu abin da ban gwada ba. Darni na kara shi ne na farko, gara ta cinye gindin kafin shekara ta zagayo, awaki kuma da kansu suke cin karan. Na jibga ƙayar magarya da sarƙaƙiya, ta yi aiki wata biyu sai ta bushe ta zube, yara masu neman itace suka kwashe saura. Mutum-mutumi da tsohuwar rigata, gwangwanaye a igiya, tsofaffin faifan CD masu walƙiya, duk kwana uku ne dabba ta gane babu komi a ciki. Wani ya ba ni shawara in sa guba a cikin dusa, na ce a'a, ba zan iya ba, akuyar maƙwabci ce za ta fara ci ko kajin gida ko ma ungulu, kuma ni ban ga dalilin da zai sa in kashe rai a kan abin da shinge zai iya tarewa ba.

A wani shagon kayan sola na Birnin Kebbi na sayo shi, ba zan faɗi sunan shagon ba duk da ina da ƙorafi a kansu wanda zan zo gare shi. Injin kamar girman ƙaramin rediyo, faifan sola a manne a samanshi, batir mai bolt 12 a ciki, a jikinshi an rubuta jul 1, wato ma'aunin ƙarfin harbin wutarshi. A lokacin naira dubu 135 na biya na injin kaɗai, sai nadin waya na mita 500 dubu 28, irin wayar nan ce ta roba fara da aka saƙa da siraran zaren ƙarfe a ciki, sai robobin da ke riƙe waya a jikin turke don kada wuta ta bi itace ta gudu, da ɗan guntun rodi da bai kai kamu ɗaya ba wanda aka ce shi ake kafawa a ƙasa. Farashi dai kun san yadda yake bin dala, kada wani ya je ya ce ni na ce mishi haka ake sayarwa yau.

A jikin kwalin akwai hoton wata dabba mai ƙaho reshe-reshe kamar itace, yaron shagon ya nuna min ya ce Alhaji ka gani har barewa yana hanawa. To ita waccan ba irin tamu ba ce, ta Amurka da Turai ce, can ita ce babbar matsalar masu lambu, tana iya tsallake shinge mai tsawon ƙafa 7 har 8, shi ya sa takardar da ke cikin kwalin rabinta duk magana ce kan tsayin shinge. Mu a nan barewar gaske ta yi wuyar gani, dattawan unguwarmu suna ba da labarin lokacin da ake ganinta da mazo da gwanki ba nisa da gari, tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci tsofaffin garuruwa, yanzu kuwa in kana son ganin irinsu sai ka nufi gandun dajin Kainji wajen Borgu ko Zugurma. Wadda ke shigo min gada ce, ita kuma gada ba tsalle ne aikinta ba, kutsawa take ta ƙasa ta duk wata ƴar kafa da ta samu. Ke nan wanda ya bi takardar nan yadda take zai ɗaga waya sama ya bar ƙasa a buɗe, ya yi aikin banza. Wannan shi ne abu na farko da nake so mai saye ya riƙe, an ƙera kayan don wata ƙasa da wasu dabbobi, kai ne za ka mayar da shi na wurinka.

Yadda yake aiki a taƙaice, injin yana tara wuta daga batir ya harba ta cikin waya kusan sau ɗaya a kowane daƙiƙa, za ka ji yana tak, tak, tak. Bolt ɗin yana da yawa, dubbai ne, nawa yana nuna tsakanin 6,000 da 7,000 in komi lafiya, amma harbin gajere ne ƙwarai, bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ya tsaya, shi ya sa dabba ke samun damar ja da baya, ta ji zafi amma ba ta mutu ba ba ta ƙone ba. Na taɓa da kaina da bayan hannu don ba zan sa abin da ban san zafinshi ba kusa da ƴaƴan mutane, kamar a tsula maka bulala ce a gwiwar hannu, ka zabura, bayan minti ɗaya ya wuce.

Sati na farko abin bai yi komi ba. A watan Maris na sa shi, tsakiyar rani, na ja layi biyar na waya, na kafa ɗan rodin nan a gindin turke, na kunna, fitila tana ƙiftawa, tak tak yana yi, na kwanta da murna. Da hantsi sai ga jar akuyar maƙwabcina ta sa kai tsakanin waya ta biyu da ta uku ta shige abinta ko gezau. Na buga wa shagon waya suka ce in bar shi a rana ya yi caji, na bari kwana biyu, duk ɗaya. Na sake bugawa suka ce ai kaya in ya fita ya fita, babu garanti a kan kayan wuta, alhali da bakinsu suka ce min wata shida ranar da nake biya, laifina ɗaya ban sa sun rubuta a rasit ba. Daga nan ma suka daina ɗauka. Wannan ya ci min rai sosai, ba don kuɗin kaɗai ba, don na gane su kansu ba su san mi suke sayarwa ba, sun dai ga kwali sun sa farashi.

Ɗan yayata ne ya warware min, yana karatun aikin wuta, ya zo hutu. Ya duba injin ya ce Kawu lafiyarshi ƙalau, ƙasarka ce ta bushe. Ya yi min bayani yadda na fahimta, wai wutar ba ta jan dabba sai ta samu hanyar komawa gida, ta fita daga inji ta bi waya ta shiga jikin dabba ta sauka ta ƙafafunta cikin ƙasa ta bi danshi ta komo ga rodin da aka kafa, to in ƙasa ta bushe ƙamas kamar tamu a Maris da Afrilu, ga rairayi, ga kofaton akuya busasshe, hanyar ta yanke, injin zai yi ta tak tak a banza. Sai a inda ƙasa ke da danshi kusan kullum ne guntun rodi zai iya yin aiki. Abin da muka yi biyu ne. Muka sayo rodi uku masu tsawon kusan mita 2 kowanne, muka kafa su a layi da tazarar mita 3 tsakaninsu a gefen rijiya inda ruwan guga ke zuba kullum, muka ɗaure su da waya guda zuwa inji. Sannan muka canza tsarin layukan, maimakon duk biyar su ɗauki wuta sai muka yi ɗaya mai wuta ɗaya ta ƙasa, wato ta biyu da ta huɗu muka haɗa su da rodin, ta yadda in dabba ta cusa kai ta taɓa biyu lokaci guda wutar ta samu hanya nan take ba sai ta bi ta busasshiyar ƙasa ba. Wannan dabarar ita ce ta ceci kuɗina. Duk wanda zai sa wanga abu a Kebbi ko Zamfara ko Sakkwato bai yi haka ba, in rani ya yi zai ce an cuce shi.

Washegari jar akuyar ta dawo. Ina tsaye ina kallo ta sa hanci, ta yi wani irin tsalle da baya ta yi kuka ta ruga, ta tsaya can nesa tana kallon wayar. Ta sake gwadawa sau ɗaya bayan kwana biyu, daga nan shi ke nan, yanzu in garken ya biyo ta nan sai ka ga sun yi kwana sun bar kusan taƙi uku tsakaninsu da shingen, har ƙananan da ba su taɓa taɓawa ba suna bin iyayensu. Jiki magayi. Tumaki ma haka, tunda namu irin Uda da Balami gashi gare su ba ulu mai kauri ba, wutar tana kai musu. A kan dabbobin gida kam ba ni da abin cewa sai yabo, kuma ku san a lambun cikin gari su ne kashi mafi yawa na ɓarna, musamman bayan girbi da aka sake su. Rigimar da nake yi da maƙwabta a kan awaki ta mutu, wannan kaɗai ya kai a saya.

Amma fa kafin in kunna sai da na je wajen mai unguwa na yi mishi bayani, na ce Baba ina so ka zo ka gani da kanka kada a kawo maka ƙara ka ji daga sama. Ya zo da mutum biyu, na nuna musu, ɗayan ya taɓa, aka yi ta dariya, Baba ya ce to ka sa alama kuma ka tara yara ka gaya musu. Na rataya ƴan alluna masu launin rawaya a kowane gefe, na zagaya gida-gida. Na kuma bar tsohon darni ta gefen hanya inda yara ke wucewa makarantar allo, wayar tana daga ciki, don ba na son ƙaramin yaro mai rarrafe ko tsoho mai ciwon zuciya ya faɗa mata.

A nan akwai maganar da zan yi da babbar murya. Tun da mutane suka ga nawa, na ji wasu na cewa mi zai sa su kashe dubu ɗari da wani abu, ai sai su ja waya su jona da wutar NEPA ko janareta. Don girman Allah kada wanda ya yi haka. Wannan ba shinge ba ne, tarkon kisa ne. Wutar gida ba ta tsayawa, riƙe mutum take ta ƙanƙame mishi tsoka ya kasa saki har zuciya ta tsaya, ba ta san akuya ba ba ta san ɗanka ba. Duk hikimar injin ita ce wancan tsayawar da yake yi tsakanin harbi da harbi. Haka kuma kada a haɗa shi da waya mai ƙaya, don dabba ko yaro zai iya sarƙewa a ciki ya kasa fita wutar tana ta dukanshi.

Gada kuwa, ita ce dalilin sayen tun farko. Da yake da dare take zuwa ban taɓa ganin haɗuwarsu da wayar ba, sawu kawai nake karantawa da safe. Na sauke layin ƙasa zuwa kamar santimita 15 daga ƙasa, na biyu 30, sannan 50, 75, na sama mita 1. Satin farko bayan gyara na ga sawunta ya zo daf da shinge ta gefen kwazazzabo, ƙasa ta barbaje kamar an yi tsalle, sannan sawun ya koma da faɗi alamar gudu. Sau uku na ga haka a wata guda, daga nan sai ta koma wucewa ta nesa. Sau ɗaya tak ta shigo min a duk wata goma sha huɗun, shi ma ruwa ne ya zaizaye ƙasa a kusurwa ya bar rami a ƙarƙashin waya ban lura ba. Zomo ma ya ragu sosai amma bai ƙare ba, ƙanana suna bi ta ƙarƙashin layin farko in wurin ya ɗan yi kwari.

Takardar kwalin ta kawo wata dabara da masu lambu a Amurka ke yi, su shafa niƙaƙƙiyar gyaɗa a jikin ɗan ƙarfe su rataya a waya don dabba ta sa hanci ko harshe ta ji wutar da kyau ta riƙe darasin. Na gwada da tunkuza a jikin marfin gwangwani. Gaskiya na cire bayan kwana biyar, tururuwa ta taru, kajin gida suka fara zarya a wurin, kuma hankalina bai kwanta da rataye abin ci a jikin waya mai wuta a unguwar da ke cike da yara ba. Ban ba kowa shawarar yi ba.

Birai su ne suka raba min hankali biyu. Jan biri ne ke zuwa muna, garke guda, galibi da hantsi in mutane sun tafi gona ko ranar Juma'a da unguwa ta yi tsit, kuma wanda ya san ɓarnar biri ya san ba cin ne ke da ciwo ba, ya tsinki gwanda ɗanya ya gatsa sau ɗaya ya yar ya tsinki wata. Da farko wutar ta ba su mamaki, na ji ihunsu har cikin ɗaki. Sati biyu ba su zo ba. Da suka dawo sai ba su taɓa waya ba sam, suka hau darbejiyar da ke waje suka bi reshe suka diro ciki. Na sare rassan da suka leƙo. Suka koma hawa katangar gidan ta baya su diro. Sai da na ja layi biyu a saman katangar, ɗaya mai wuta ɗaya ta ƙasa kusa da juna, sannan abin ya lafa. Yanzu zan ce ya rage ɓarnarsu da yawa amma ba zan ce ya hana ba, duk wata sai sun gwada wata sabuwar hanya, kuma ranar da batir ya mutu kamar an aika musu. In birai ne babbar matsalarka kuma lambunka yana ƙarƙashin manyan itatuwa da ba naka ba, ka yi tunani sosai kafin ka kashe kuɗinka.

Inda ya faɗi warwas shi ne masu haƙa. Gafiya, kurege, beguwa, waɗannan ko a jikinsu. Gafiya ta ƙarƙashi take zuwa, ramin ma a cikin lambun ta buɗe shi. Kurege yana wucewa tsakanin layuka da rana tsaka. Beguwa ta tone min dankali kunya biyu a dare ɗaya, na tsinci ƙayoyinta a wurin. Dole na ƙara kashe wasu kuɗin na sayo ragar waya mai ƙananan ido, muka haƙa rami zurfin kamar santimita 30 a kewayen gefen dankali da rogo, muka binne ta muka lanƙwasa gindin ya kalli waje, don in dabba ta fara haƙa a jikin shinge ta ci karo da raga. Wannan ya taimaka a kan beguwa, gafiya kuwa har yau sai tarko. Tsuntsaye da jemagu ba sai an faɗa ba, waya ba ta da abin yi da mai fiffike, gwaiba sai dai mu ɗaure ta da tsohon gidan sauro in ta fara nuna.

Sai wahalar kulawa, wadda babu wanda ya gaya min a shago. Da damina matsalar bushewar ƙasa ta tafi, wutar ta yi ƙarfi har tana ba ni tsoro, amma sai ciyawa ta taso, duk ganyen da ya taɓa waya yana shan wuta, in suka yi yawa sai ka ga awo ya sauko ƙasa da 3,000 wanda akuya mai yunwa za ta iya daurewa. A Yuli da Agusta duk kwana huɗu ko biyar sai na bi ƙarƙashin wayar da fartanya, mita 100 ne kewayen, ba wasa ba ne. In hadari ya haɗo da tsawa ina kashe injin in cire wayoyin daga jikinshi don aradu na iya bin shinge ta ƙone shi, wato a daren da aka fi ruwa lambun a buɗe yake kwana. Da hunturu kuma ƙura ce, faifan solar ƙarami ne, in hazo ya rufe rana kwana uku ga ƙura ta kwanta a kanshi sai batir ya yi sanyi kafin asuba, daidai lokacin da gada ke yawo. Kullum da safe sai an goge shi da tsumma. Batirin da ya zo da shi wata tara ya yi ya mutu, kuma ina ganin zafi ne ya kashe shi, tunda an ƙera abin batir da faifai a haɗe dole ya zauna cikin ranar Afrilu da ke haura digiri 40, batir kuwa ba ya shiri da zafi. Da na sayi sabo sai ɗan yayata ya ja mishi waya muka ajiye shi a inuwa cikin akwatin katako mai ƙofa da kwaɗo, wanda hakan ya rage min fargabar ɓarayi ma, don sola a fili a bayan gari kun san yadda take jan ido.

Wayar robar ita ma ba ta burge ni ba. Rana ta cinye ta, kafin shekara ta fara yin gari a hannu, zaren ƙarfen ciki yana tsinkewa ba ka gani, sai ka ga rabin shinge da wuta rabi babu. Robobin riƙe waya kusan kashi ɗaya cikin uku sun fashe, yanzu guntayen tiyo na ban ruwa nake yankawa ina sawa kuma sun fi su ƙarko. Da yau zan fara, wayar ƙarfe zalla maras tsatsa zan saya tun farko, in ɗaura mata ƴan tsummoki farare don dabba ta gan ta da dare. Kuma ka sayi abin awon wutar shinge ko da ƙaramin ne mai fitilu, kada ka sa irin mitar masu gyaran rediyo, ba ta ɗaukar wannan bolt ɗin. In ba ka da abin awo ba ka san ko shingenka na aiki ba sai ranar da ka tarar da ɓarna.

Mutumin Shangan nan da ya zo, tambayarshi ɗaya ce, ko zai hana dorina, don su can bakin kogi ita ce ke fitowa da dare ta kwantar musu da shinkafa, kuma mutanen Yauri sun san ba ɓarnar amfanin gona kaɗai ba, tana kifar da jirgi tana kashe mutum. Na ce mishi Malam gaskiya kada ka dogara da irin nawa. Ana amfani da shingen wuta har a kan giwaye a ƙasashe irin Kenya, amma da manyan injuna da turaku masu ƙarfi da ma'aikata masu bin layi kullum, ba ɗan jul 1 da wayar roba ba. Wannan aiki ne na gwamnati ko ƙungiyar manoma su haɗa kai, kuma ban so mutum ya kwana a gona yana ganin waya ta tsare shi daga dabbar da ta fi tan guda nauyi.

In aka ce in ba shi maki, injin kanshi zan ba shi huɗu cikin biyar, bai taɓa lalacewa ba, yana nan yana tak tak har yanzu da nake rubutun nan. Kayan da suka biyo shi, waya da robobi da guntun rodi da batir, biyu. Shagon kuwa ɗaya, kuma da zan samu mai shagon ido da ido abin da zan roƙe shi kawai ya koya wa yaranshi maganar rodi da danshi, su riƙa faɗa wa mai saye, su daina cewa yana hana komi. Duka-duka da raga da rodi da sabon batir na kashe abin da ya haura dubu 250, kuɗin da bai kai na katangar bulo ba ko kusa, amma kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi irina. Ya dace da wanda lambunshi ke kusa da gida, yana da ruwan da zai riƙa jiƙa gindin rodi, yana da lokacin zagayawa kullum, kuma abin da ke damunshi awaki ne da tumaki da gada. Wanda gonarshi ke nesa da ba ya zuwa sai sati-sati, musamman yanzu da ba kowane daji ake shiga ba, ya haƙura, ko a sace ko ciyawa ta kashe shi.

A daminar da ta wuce na bi bayan wayar na dasa aguwa da bini-da-zugu a jere, irin shingen da kakanninmu ke yi wanda akuya ba ta ci gara ba ta damu da shi ba, wayar ce ke tsare su yanzu har su yi ƙarfi su haɗe. Sun kai min gwiwa. Latas ɗin bana kuwa uwargida ta yanka sau uku, na huɗun yana nan ya kusa.